Giyar gida mai ƙarfi da itacen oak: inda ƙuna, bauri da tsami suke shigowa

Tambayar daga wani ɗan'uwa ce a Jos. Ya dafa giyar tsiron sha'ir lita 10 a watan Maris, ya ƙara mata farin sukari kilo guda don ta yi ƙarfi, ya sa mata yis na burodi. Da kumfa ta kwanta sai ya juye ta a jarkar roba mai cin lita 20, ya watsa mata ɓarɓashin itacen oak wajen giram 100, ya rufe har wata uku. Da ya buɗe sai ya tarar tana ƙona maƙogwaro, tana ɗaure baki, ga wani tsami-tsami daga ƙarshe. Yana so ya san inda ya kuskure, da yadda zai yi ta gaba.

Ɗan'uwa, laifi uku ne a cikin jarkar nan, kuma ba rana ɗaya suka shiga ba. Ƙunar tun kwana uku na farko ta samu, kafin ma itacen ya taɓa giyar. Baurin daga itacen ne, don ya yi yawa kuma ya daɗe. Tsamin kuwa iskar da ka bari a saman jarkar ce ta kawo shi. Ajiya tana tausasa giyar da aka haɗa da kyau, amma wadda ta tashi cikin zafi ko shekara ta yi a ɗaka ƙunarta ba za ta tafi duka ba. Shi ya sa zan fara daga tukunya, daga baya mu zo kan itacen.

Irin wannan giya asalinta Ingila ne, wadda ake dafawa da tsiro mai yawa, ƙarfinta ya kai kashi 8 zuwa 11 cikin 100, a ajiye ta watanni kafin a sha. Ita da burukutu hannun riga ne. Burukutu ana son tsaminsa, ana shan sa yana kan tashi, kwana biyu ko uku ya wuce. Wannan kuwa duk dabararta ita ce a hana ƙwayoyin tsami shiga, a bar yis ya gama aikinsa sarai, sannan a ɓoye ta daga iska da haske. Wanda ya saba ganin yadda ake dafa burukutu a unguwa sai ya ajiye rabin abin da ya sani a gefe, musamman barin tukunya a buɗe da zuba ragowar ta jiya a cikin sabuwa.

Ga ma'aunin lita 10, wanda ya fi dacewa da tukunyar gida mai cin lita 20. Farin tsiron sha'ir kilo 4. Tsiron da aka gasa ya yi ja kamar alewa, wanda masu sayarwa ke kira kiristal, giram 250. Baƙin tsiro giram 40 kawai, don launi. Sai mazarƙwaila giram 300. Turawan Ingila suna sa baƙin sukari a irin wannan giya don ta ɗauki gardin dabino da busasshen inabi, kuma mazarƙwailarmu tana yin wannan aikin ba tare da an nemo komai daga waje ba. Kilo guda na farin sukari da ka zuba ya wuce kima. Sukari zalla ba shi da abincin da yis yake buƙata ban da zaƙi, yana siranta giya, ya bar ta da zafin barasa tsirara. Kada sukari ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abin da yis zai ci.

Ruwa kuma a duba shi. Idan na famfo ne, akwai kulorin a ciki, kuma in ya haɗu da tsiro yana ba da warin magani irin na asibiti wanda ba ya fita. Ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana, ko ka tafasa shi, ko ka jefa rubu'in ƙwayar Campden, maganin da masu giya suke cire kulorin da shi, a lita 20. Ruwan burtsatse mai kyau ya wadatar. Ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari kuwa, komai haskensa a ido, ba na wannan aiki ba ne.

A ɓarza tsiron, kada a niƙa shi ya zama gari. Ana so ƙwayar ta fashe, ɓawon ya tsaya. Ka ɗumama ruwa lita 13 zuwa digiri 72, ka shimfiɗa jakar farin yadi marar kauri a cikin tukunyar, ka zuba tsiron kana juyawa don kada ya dunƙule. Zafin zai sauko wajen digiri 66, kuma a nan ake so ya zauna minti 75 zuwa 90. Ka kashe wuta, ka rufe, ka naɗe tukunyar da bargo. A wannan zafin ne sinadaran da ke cikin tsiron suke mayar da sitaci ya zama sukari. In ya haura 70, za su bar maka sukarin da yis ba ya iya ci, giya ta fito da nauyi da zaƙi kamar madi. In ya faɗi ƙasa da 62, aikin zai yi jinkiri. Wannan ba abin da ake aunawa da yatsa ba ne, sai da ma'aunin zafi. Bayan nan ka ɗaga jakar ta tsane, ka tsoma ta cikin wani ruwa lita 5 mai zafin digiri 76 na minti goma, ka haɗa ruwan biyu. Za ka samu wajen lita 14. Kada ruwan ɗaurayar ya wuce digiri 78, domin ruwa mai tsananin zafi yana tatso bauri daga ɓawon tsiro, ga kuma na itace yana nan tafe. Dusar a ba kaji ko aladu.

A tafasa minti 90, tukunya a buɗe, wuta mai ƙarfi har ruwan yana juyawa. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, don haka ruwa yana tafasa a wajen digiri 96 ne maimakon 100. Wannan yana rage yawan ɗacin da hop, wato furen da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi, yake saki, shi ya sa mai dafawa a Jos zai ɗan ƙara hannu. Idan saura minti 60 a sauke, ka zuba hop mai ƙarfin ɗaci kashi 12, irin su Magnum, giram 25 zuwa 28. In mai sauƙin ɗaci ka samu, irin East Kent Goldings mai wajen kashi 5, to giram 60. Yawan zai ba ka tsoro, amma giya mai wannan zaƙin in ba ɗaci a gindinta gundura take yi, kuma ɗacin hop yana raguwa da ajiya. Hop na ƙamshi a ƙarshen tafasa asarar kuɗi ne a giyar da za ta yi wata shida a ɗaka, ƙamshinsa ne farkon abin da yake gudu. Mazarƙwailar a narkar da ita a zuba saura minti 15. Rufe tukunya lokacin tafasa yana mayar da wani wari irin na dafaffiyar masara cikin ruwan, kada a yi.

Daga lokacin da aka sauke, duk abin da zai taɓa ruwan nan sai an kashe masa ƙwayoyin cuta: bokiti, murfi, tiyo, cokali, har almakashin da za a yanka ledar yis. Mai Star San, maganin kashe ƙwayoyin cuta na kayan giya, ya sa mililita ɗaya da rabi a kowace lita ta ruwa, ba sai an ɗauraye ba. Wanda ba shi da shi ya sa babban cokali ɗaya na bilic, irin su Hypo ko Jik, a ruwa lita 4, ya jiƙa kayan minti 20, sannan ya ɗauraye sosai da ruwan da aka tafasa ya huce. Bilic yana cin ƙarfe, don haka roba da kwalba kawai. Tukunyar a sa ta cikin baho mai ruwa da ƙanƙara, a rufe, a saukar da zafin zuwa digiri 18 cikin minti 40 ko ƙasa da haka. Sai a juye a bokiti mai murfi, a ɗebi kaɗan a auna kaurinsa da haidiromita, wato ɗan gilashin nan da yake yawo a cikin ruwa yana nuna yawan sukari. Da wannan ma'aunin ya kamata ka ga wajen 1.090. Ka rubuta lambar a takarda ka manna a jikin bokitin.

Yanzu ga inda ƙunar taka ta fito. Yis idan ya sha zafi, ko ya yi kaɗan a kan aikin da aka ba shi, yakan fitar da wasu nau'o'in barasa masu nauyi ban da wadda ake nema. Su ne suke ƙona maƙogwaro, suke wari kamar maganin goge farce, suke sa ciwon kai washegari. Watan Maris kuwa tsakiyar bazara ne, ko a Jos ɗaki yakan haura digiri 27 da rana. Kuma giya mai tashi tana haifar da nata zafin: cikin bokitin yakan fi ɗakin da digiri 3 zuwa 5 a kwanakin farko, musamman mai sukari da yawa irin wannan. Ka ga ke nan taka ta yi aikinta a sama da digiri 30, da yis ɗin da aka zaɓa don ya kumbura fulawa cikin awa ɗaya.

Ka nemi busasshen yis na giya. Nottingham yana jure ƙarfin barasa sosai kuma yana kwanciya da kyau. SafAle US-05 ko S-04 su ma za su kai kashi 9 zuwa 10. Leda ɗaya mai giram 11 an yi ta ne don lita 20 na giya marar ƙarfi. A wannan, ledar gaba ɗaya ta lita 10 ce, in lita 20 ka dafa kuwa leda biyu. Kafin ka zuba shi, ka rufe bokitin ka girgiza da ƙarfi minti huɗu ko biyar don iska ta shiga. Wannan ne lokaci ɗaya tak da giya take son iska a duk rayuwarta, domin yis yana buƙatarta ya hayayyafa. Sai ka huda murfin, ka sa tiyo, ɗaya bakin ka nutsar da shi a kwalba mai ruwa, gas ya riƙa fita ba tare da komai ya shiga ba. Ka bar sarari a saman bokitin, kashi ɗaya cikin uku, don kumfar giya mai ƙarfi takan yi ambaliya.

Kwana huɗu na farko zafin giyar ya tsaya tsakanin digiri 17 da 19. A nan Jos ta fi kusan kowane gari a Arewa sa'a. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin hunturu, da kuma Yuli da Agusta da damina ta kankama, ɗakin da ba ya shan rana ya kusa isa da kansa. Abin da ya rage baho ne: ka zaunar da bokitin cikin ruwa zuwa rabinsa, ka yafa masa jiƙaƙƙen tawul wanda gefensa yake cikin ruwan, ka riƙa jefa daskararrun ledojin ruwan fiya wata guda uku ko huɗu safe da yamma. Da hunturu iska a bushe take, tawul kaɗai yana sauke zafi sosai. Ruwan bahon kuma yana hana zafi hawa da sauka tsakanin rana da dare, wanda shi ma yana wahalar da yis. Firji mai na'urar daidaita zafi ya fi, amma ranar da aka ɗauke wuta yini guda a kwana na biyu, baho ne zai cece ka. Mutumin Abuja da ba shi da wuta tsayayya gara ya nemi yis ɗin ƙasar Norwe da ake kira kveik, irin Voss, wanda yake aiki lafiya daga digiri 25 har 40. Yana da ɗan ƙamshin lemo, ba zai ba da ainihin ɗanɗanon Ingila ba, amma ya fi a tilasta wa yis mai son sanyi zaman Abuja.

Bayan kwana huɗu ka daina sa ƙanƙara, ka bar ta ta hau zuwa 21 ko 22 don yis ya ƙarasa. Ta yi mako uku a bokitin. Tsayawar kumfa a tiyo ba shaida ba ce. Shaida ita ce ka auna yau, ka sake aunawa bayan kwana uku, lamba ba ta motsa ba. Ana sa ran 1.018 zuwa 1.022. Lissafin ƙarfi: ka cire lambar ƙarshe daga ta farko, ka ninka da 131. Daga 1.090 zuwa 1.020 saura 0.070, wato ƙarfi wajen kashi 9. In ta maƙale a 1.035 ko sama, ka juya bokitin a hankali yis ya taso, ka kai shi wuri mai ɗumi, ka ba shi mako guda.

To, itacen. Abin da ke ɗaure maka baki sunansa tanin, shi ne sinadarin da ke cikin bagaruwa wanda majema suke jima fata da shi. Kaɗan daga cikinsa yana ba giya ƙashi, ya rage mata santsin zaƙi. In ya yi yawa, harshenka ne yake shan jima. Ban da shi, oak yana ba da ƙamshin banila, da na kwakwa, da na gasasshen sukari, gwargwadon irin itacen da yadda aka gasa shi. Farin oak na Amurka ya fi banila da kwakwa, kuma yana saurin bayyana. Na Faransa ya fi laushi a hanci, yana da ɗan ƙamshi irin na kanumfari. Ga giya mai mazarƙwaila, na Amurka mai matsakaicin gashi ya fi shiga. Wani abin lura: masu giyar Ingila na da, duk da a gangar oak suke ajiya, sun fi son itacen yankin Baltik ne saboda ba ya sa wa giya ɗanɗano. Neman ɗanɗanon itace da gangan ya yaɗu ne daga shekarun 1990, lokacin da masu ƙananan kamfanoni a Amurka suka fara zuba baƙar giya a gangunan da aka gama ajiye wiskin bourbon a ciki. Dokar Amurka ta ce bourbon sai a sabuwar gangar oak da aka babbake cikinta, don haka tsofaffin ganguna suna da yawa a can. Ma'ana, yawancin giyar da ta ba ka sha'awar wannan ɗanɗano a itacen da wiski ya riga ya tsotse kaifinsa ta kwanta. Kai kuma sabon ɓarɓashi ka zuba, giram 10 a kowace lita.

Ma'aunin da ya dace giram ɗaya da rabi zuwa 3 ne a lita, wato giram 15 zuwa 30 a lita 10, kuma mai farawa ya tsaya a 20. Siffar itacen tana da muhimmanci kamar nauyinsa. Ɓarɓashi siriri ne, giya tana ratsa shi nan da nan, cikin kwana 7 zuwa 14 ya ba da duk abin da yake da shi mai daɗi, daga nan sai bauri da ɗanɗanon katako. Ƴan dunƙule masu girman ƙwayar ludo sun fi: suna saki a hankali cikin mako 4 zuwa 8, kuma da yake gashin bai ratsa su daidai ba daga waje zuwa ciki, ɗanɗanonsu ya fi faɗi. In kana da zaɓi, ɗauki dunƙule.

Kafin a sa, a yi masa ɗaya daga cikin biyu. Ko a jefa shi a tafasasshen ruwa minti biyar a zubar da ruwan, wanda za ka ga ya yi ja kamar shayi, kaifin baurin ke nan ya tafi, ƙwayoyin cuta ma sun mutu. Ko a jiƙa shi a wiski daidai yadda zai rufe shi, a ƙaramar kwalba, mako biyu. Itacen kaɗai za ka sa. Wiskin da ya jiƙu ka ajiye shi gefe, ranar zuba wa a kwalba ka ɗanɗana ka ga ko giyar tana son cokali ɗaya ko biyu daga ciki. Wanda ya samu busasshen farin oak da ba a gasa ba, ya tabbatar da asalinsa, zai iya yanka shi ya gasa a oban a digiri 180 zuwa 200 na awa ɗaya da rabi, a naɗe cikin takardar alminiyom, har ya yi launin ƙasa-ƙasa yana ƙamshi.

A nan sai an yi hattara, don wannan ya wuce zancen ɗanɗano. Kada ka je kasuwar Katako ka ce a yanko maka oak. Katakon gini da na kujeru ana yi masa feshin maganin gara, ana shafa masa fenti da man ƙyalli, kuma barasa tana narkar da waɗannan ta shigar da su cikin abin sha. Katakon da ake ɗora kaya a kai daga jirgin ruwa ma wani an turara shi da guba. Haka nan kada a ce tunda oak itace ne, kowane itace zai yi. Maɗaci da dogon yaro ɗacinsu zai kashe giyar. Itacen turare da ya cika Jos mai ne da shi mai ƙarfi, giya za ta koma kamar man zafi. Gwaska kuwa guba ce mai kisa. Ka sayi oak ɗin da aka shirya don giya ko ruwan inabi, a cikin ledarsa. Giram 100 zai yi maka dafawa huɗu ko biyar.

Sai mazubi, inda tsaminka ya shigo. Lita 9 da suka rage bayan an juye an bar laka, a jarkar lita 20, na nufin fiye da rabin jarkar iska ce, kuma robar jarka ita kanta iska tana ratsa ta a hankali. Akwai ƙwayoyin da suke mayar da barasa ta zama binega, kuma ba sa iya aikin sai da iska. Ka ba su iska, ka ba su ɗumi, ka ba su wata uku. Ko ba su shiga ba, iska kaɗai tana sa giya ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Don haka ajiya a gilashi ake yi, a cika har wuya, saura kamar faɗin yatsu biyu. Manyan kwalaben ruwan inabi masu cin lita 3, 4 ko 5 sun dace. Ka zaɓi girman da giyarka za ta cika, abin da ya yi saura ka sa a ƙananan kwalabe. Wajen juyewa a yi da tiyo, bakinsa yana ƙasan kwalbar, ba fantsama, a bar lakar yis a gindin bokiti. A toshe da marufin roba mai tiyo a ruwa kamar na farko, don gas kan ci gaba da fita kaɗan-kaɗan.

Dabarar da ta fi kowace amfani ga mai koyo ita ce raba giyar biyu. Kwalba ɗaya da itace, giram 3 zuwa 4 a lita, ɗaya ba komai. Ka fara ɗanɗana mai itacen bayan kwana biyar in ɓarɓashi ne, bayan mako biyu in dunƙule ne, daga nan kowane mako, da tsabtataccen tiyo ko sirinji, ka rufe da sauri. Ranar da ka ji banila ta fito sarai, baurin kuma ya fara taɓa gefen harshe, ka raba giyar da itacen a ranar, ko da kalanda ta ce saura. Ya ɗan fi yadda kake so kaɗan, don yana lafawa da watanni. Ranar kwalba sai ka gwada gauraya a kofi: rabi da rabi, ko biyu da ɗaya, har ka samu wadda ta yi maka. Zaman giya da itace makonni ne, zamanta na nuna kuwa watanni ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne babban kuskurenka.

Wurin ajiya ya zama mai duhu da sanyi marar canzawa. Digiri 12 zuwa 16 ne ya fi, amma ƙasan siminti a ɗakin tsakiya a Jos, wajen 20, zai yi. Zafi yana gaggauta tsufa: ƙarin digiri 10 yana ninka saurinsa aƙalla sau biyu, kuma ɗanɗanon da ba a so ne yake riga zuwa. Shi ya sa giyar da za ta kai shekara biyu a Ingila, a Abuja ba firji gara a shanye ta cikin wata shida zuwa takwas. Wata uku a babbar kwalba, wata uku a ƙanana, shi ne mafi ƙaranci. A wannan tsakanin zafin barasa yana kwanciya, ɗacin hop ya ja baya, ɗanɗanon dabino da alewa ya fito.

Wajen zuba wa a kwalba abu biyu ne ke faruwa: ko ba gas sam, ko kwalba ta fashe. Rashin gas yana zuwa ne don yis ɗin da ya yi wata uku cikin barasa kashi 9 ya gaji, yawancinsa ya kwanta. Ka jiƙa sabon yis giram 1 zuwa 2 a ruwa mai ɗumi ka gauraya. Yis ɗin shamfen mai suna EC-1118 yana jure barasa kuma ba ya cin sukarin tsiro mai nauyi da ya rage. Sukarin da yis zai ci ya ba da gas giram 4 da rabi a kowace lita, wato giram 40 a lita 9, a tafasa shi a ruwa rabin kofi, a zuba a bokiti, a juye giyar a kansa don ya gauraya daidai. Irin wannan giya ba ta son gas da yawa. Fashewa kuwa daga sukarin da aka auna da ido take zuwa, ko giyar da ba ta gama tashi ba, ko ƙwayoyin da suka shiga suna ci gaba da cin abin da yis ya bari. Kwalaben giya masu ruwan ƙasa na santilita 60 su ne daidai, lita 9 za ta cika 15, da sabbin marafa da abin matse su. Kwalbar wiski ko ta gyaɗa ba a yi ta don matsin gas ba. Koriyar kwalba da fara kuma haske yana ratsa su ya ɓata hop, giya ta yi wari. A bar su mako uku zuwa huɗu a wajen digiri 21 cikin kwali rufaffe, sannan a mayar wuri mai sanyi, a tsaye.

Tsiron sha'ir yana da tsada da wuyar samu, kuma dawa tana iya maye gurbin wani kaso. Tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin giya na Najeriya suka koyi aiki da dawa. Amma a gida tana da sharuɗɗa. A ɗauki farafara ko kaura. Jar dawa ta burukutu tana iya zuwa da nata baurin, ga na oak a kai. Bayan ta tsira kwana huɗu ko biyar an shanya ta ta bushe ƙayau, dole a murje saiwar da tsiron a sheƙe su, domin a cikinsu akwai sinadarin da yake sakin gubar sayanayid, irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Kuma sitacin dawa ba ya narkewa sai zafi ya kai inda sinadaran juya shi suke mutuwa. Mafita ita ce a jiƙa ɓarzajjen tsiron a ruwa mai digiri 50 na rabin awa, a bar shi ya kwanta, a kwashe ruwan sama a ajiye, a tafasa kaurin minti 20, a bar shi ya huce, a mayar masa da ruwan da aka kwashe har zafin ya daidaita a wajen 64, a riƙe minti 90. Mai farawa ya sa dawa kilo 1 a madadin sha'ir kilo 1, ya dafa ta daban ta yi kunu, ya haɗa da sauran, ya bar sinadaran sha'ir su yi aikin.

Kwalba ɗaya ta wannan ta kusa biyu na giyar kanti a ƙarfi, a raba ta mutum biyu, ba ta mai tuƙi ba ce. Sayarwa kuma sai da rajistar NAFDAC, kuma kada a ɗauke ta a mota zuwa jihohin da shari'a ta hana giya, irin su Bauchi da Kano.

Wadda ke hannunka yanzu, ka tace itacen yau, ka zuba kaɗan a kofi ka shinshina. In warin binega ne yake bugun hanci, ba ta dawowa. Ka bar ta a buɗe da kyalle a baki ta ƙarasa zama binega, ta yi amfani wajen jiƙa nama, kuma jarkar da tiyon da suka taɓa ta kada su sake kusantar sabuwar giya. In tsamin kaɗan ne, baurin ne ya fi yawa, ka juye ta a gilashi cike har wuya, ka narkar da garin jelatin rabin ƙaramin cokali a ruwa mai ɗumi ka zuba, yana kama tanin ya kwantar da shi cikin mako guda. Ka ajiye ta a sanyi har ka dafa sabuwa da hunturu ba itace, sannan ka gwada kaso ɗaya na tsohuwar cikin kaso huɗu na sabuwar, a kofi tukuna. In ta yi daɗi, ka gauraya iya abin da za a sha a makon kawai, kada ka rufe gaurayen a kwalba, don ƙwayoyin tsamin suna nan da ransu.